Goron da Ya Tsare Mu a Kaduna

Mun tashi tun da jijjifi ranar Asabar ta makon jiya, ni da kawuna, yayan mahaifiyata. Ƙullin kayanmu na kaina, ina jan sandarsa a gaba, don idonsa ya yi rauni, dishi-dishi yake gani. Daga ƙauyenmu zuwa bakin hanyar Birnin Gwari tafiyar awa guda ce, amma da tsoho sai da muka yi biyu.

Kawu Kirista ne, ɗan Katolika, shi kaɗai a duk danginmu. Yana saurayi ya yi aikin hanyar jirgi a Kaduna, can ya shiga addinin, da ƙarfi ya ƙare ya dawo gida da shi. Addu'arsa yana yi a ɗakinsa, ba mai hana shi. Amma akwai abu ɗaya da ba ya samuwa sai a hannun limaminsu, wanda suke kira Fada, wato Tarayya Mai Tsarki. Wata 'yar gurasa ce fara, kamar faɗin kwabo. Su a imaninsu, in Fada ya yi addu'a a kanta ta zama Jikin Almasihu, kuma duk ibadarsu a kanta ta tsaya. Shekara huɗu rabon Kawu da ita. Tun bazara yake bina da magana ɗaya: in kai shi kafin ƙafar ma ta bi idon. Na yi ta zille-zille har kunya ta kama ni. Shirina shi ne mu kwana ɗaya, ya yi ibadarsa ran Lahadi da safe, mu biyo motar la'asar, don ciyawa ta fara cin gonata. Motar kuwa Lahadi da Alhamis kawai take komawa wajenmu.

Mota mai bodin katako muka samu, sule biyu da sisi kowane mutum, awaki kuma ban san nawa aka karɓa a kansu ba, amma sun fi mu samun wurin zama. Ba mu yi nisa ba ruwa ya tsuge. Da muka isa shingen hanya, mai gadi ya sauke ƙarfensa ya ce ba motar da za ta wuce sai hanya ta sha iska, ko da ta Razdan, babban Baturen lardi, ce. Nan muka yi zaman awa uku. Matan Gwari suka kewaye mu da gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa, na kwabo ya ishi mutum. Kawu yana gurgurar masara da 'yan haƙoransa yana yi mini bayani: daga tsakar dare ba abin da zai shiga cikinsa sai ya karɓi Tarayya. Da can ma ko ruwa ba a sha, yanzu ne ya ji an sassauta ruwan. Na ce to, amma da kunne ɗaya na ji shi.

Da la'asar sakaliya muka shigo ta Kawo. Kaduna gari ne da aka zana da igiya, layuka a miƙe, itatuwan mangwaro a jere, ga famfo a bakin titi mata na layi da bokitai. Akawuna a kan kekuna, da fararen riguna, kowa na buga ƙararrawa kamar shi ya sayi hanyar. Kowa Hausa yake yi, amma kowa da irin tasa, ta Bayarabe daban, ta Basakkwace daban. Kawu ya yi ta tambayata me ke nan, me ke can. In na ce ofishin gwamnati ne mai bene, sai ya ce a zamaninsu nan suke harbin zabi.

A Doka muka sauka, gidan wani abokina da muka yi karatun allo tare, yanzu akawu ne. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe. Da ya tambayi abin da ya kawo mu, na yi wuf na ce maganin ido muka zo nema wa tsoho. Gaskiya kunya na ji. Ga mutum ya zama babban malami a unguwa, ni kuma in ce masa na jawo kawuna coci? Kawu ya ji ni sarai, ya ci gaba da cin tuwonsa.

Da safe bayan mun dawo daga masallaci, muka tarar da Kawu a zaure, ya yi wanka ya sa farar rigarsa da ya shekara yana ajiya. Maigida ya zaro goro fari daga aljihu, ya ɓare, ya fara miƙa wa babba kamar yadda aka saba. Kawu ya karɓa yana sa albarka. Mutumin da ya fi shekara arba'in yana cin goro, hannu bai tsaya shawara da kai ba. Ni ina kallo, kuma wallahi ban tuna ba. Sai da ya tauna ya haɗiye, sannan na ga muƙamuƙinsa ya tsaya cak. Ya tofar da sauran a tafin hannu, ya dunƙule.

A hanyar coci na yi ta ba shi baki. Na ce ɗan ɓarin goro ne fa, mantuwa ce, kuma wa ya gani?

Ya ce, "Ɗana, wanda zan je karɓa ya gani."

Na ji haushi, ban ɓoye ba. Tafiyar yini guda, ga gona na jira, a ce ɓarin goro ya rushe komai.

Cocin cike yake, yawanci Inyamurai da mutanen kudancin Zariya, mata duk da ɗankwali. Na zaunar da shi a benci na koma waje bakin taga. Fada Bature ne, ya juya wa jama'a baya yana karatu da wani harshe da aka ce mini Latin ne. Can aka kaɗa wata 'yar ƙararrawa, ya ɗaga farar gurasar sama, wurin ya yi tsit, ko tari babu. Daga nan mutane suka tashi layi-layi, suna durƙusawa a gaba, yana ɗora wa kowa a harshe. Duk mutanen bencin Kawu suka tashi suka bar shi. Ya karkatar da kai yana sauraron takun ƙafafunsu, hawaye na bin gemunsa. A nan haushina ya mutu, tausayi ya kama ni har na kasa ci gaba da kallo.

Da aka tashi Kawu ya je ya yi ikirarin zunubansa wurin Fada, ya fito ya ce mu tafi kada mu rasa mota. Wani malamin cocin ya gaya mana ana yin ibadar kullum da ƙarfe shida na safe. Kawu ya san da haka, amma ya san zancen gonata, bai roƙe ni ba. Ni ma ban ce mu tsaya ba.

Mun koma ɗaukar kaya, maigida ya dubi fuskar tsoho ya tambaya ko maganin ne ba a samu ba. Sai na sunkuyar da kai na faɗi gaskiya. Ban taɓa ganin ran abokina ya ɓaci haka ba.

Ya ce, "Haba! Baba yana azumi a gidana, ka bar ni na karya masa da hannuna? Me ka ɗauke ni?" Ya juya ga Kawu ya ce, "Baba, ka yafe mini. Mu ma in mutum ya ci da mantuwa, ramawa yake yi. Ba inda za ku sai ka rama."

Ya ɗauke ƙullin kayanmu ya shige da shi cikin gida, maganar mota ta ƙare.

Washegari gidan nan kamar an kafa dokar Azumi. Maigida ya hana a fito da koko zaure, uwargida ta leƙo ta ce, "Baba, ko asuwaki kada ka sa a baki, mu dai a rabu lafiya." Shi da kansa ya ɗora Kawu a bayan kekensa, yana turawa a ƙasa har ƙofar coci, ya wuce ofis. Mutanen da ke cikin cocin ba su fi ashirin ba. Da lokaci ya yi, wata tsohuwa ta kama hannun Kawu ta kai shi gaba. Ya durƙusa da ƙyar, ya ɗaga kai, aka ɗora masa. Ya daɗe a durƙushe bayan kowa ya fita. Da ya fito, ya lalubo hannuna ya matse.

Tunda ba mota sai Alhamis, kullum da safe muna can. Wanda ya zo neman sau ɗaya, sau huɗu ya samu. Da rana na zaga kasuwa na sayo gishiri da fitilar ƙwai, na je na ga gadar kogi da jirgi na ratsawa, Kawu kuwa na zaure yana ba yaran gida labarin zamanin da aka shimfiɗa hanyar.

Ran Alhamis muka iso gida bayan magariba, hanya a bushe, ba shinge. Gona dai ta yi abin da na zata, har yau ina fama da ita. Amma na koyi abin da ban sani ba. Na shekara talatin ina ganin Kawu, na ɗauka addininsa wani abu ne da ya tsinto a bariki. Ashe yunwa yake ji irin wadda tuwo ba ya kashewa, muna gida ɗaya ban lura ba. Na kuma gane cewa abokina bai ji kunyar tsohon nan ba ko kaɗan, ni ɗan ƙanwarsa ne na ji.

Jiya na je gaishe shi, na ce in an yi girbi zan sake kai shi. Ya yi dariya ya ce in Allah ya kai mu. Sannan ya ce in kuma bai kai ba, kada in damu, yanzu ya yi guzuri.