Layar da na gani a ƙugun 'yar Malam

Shekarun baya, bayan babban fari da damina biyu, tun motar Ɗanbatta sai ranar kasuwa take biyowa ta garinmu, muna da wani mai bishara da muke ce wa Malam. Shi ya kawo mana Littafi, mu da muka tashi a gidan tsafi. Da hannunsa ya kwaɓa ƙasar majami'armu, ya haƙa rijiyar da mai Sallah da mai Lahadi kowa ke sha. In ya ce a tsaya, ko kaza sai ta tsaya.

A bazarar nan ƙyanda ta kama ɗana na biyu. Da na ga idonsa ya kafe, na je wurin kawuna da bai taɓa barin gargajiya ba, ya ɗinka mini laya na ɗaura wa yaron. Allah ya tashe shi. Wata ta gani, ta kai wa Malam. Ranar Lahadi ya tsayar da ni gaban jama'a, ya ce na raba zuciyata biyu. Aka sa ni horo, wata shida a bencin baya, ba jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke tarayya a kai. Ni da nake ba da waƙa a zumuntar mata, sai ga ni bakin ƙofa, ni da takalman mutane.

Na gama horona. Bazara ta zagayo, ciwon ya dawo, ya kama autar Malam. Matarsa ta gaji da jinya, na je in karɓe ta. Ina sauya wa yarinyar zane, hannuna ya taɓa abu a ƙugunta. Jar fata, baƙin zare, ƙulli uku. Ko da ido a rufe na san ɗinkin kawuna.

Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi na fara ji.

Na same shi bayan gida yana gyara ƙotar fartanya. Na ce, "Malam, ya mai jiki? Ashe kai ma ka san hanyar gidan kawuna."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Kin gani."

"Na gani. Uwar ce ta ɗaura?"

"Da na ce ita ce, da kin yarda. Ni ne. Kwana uku ina addu'a kamar da rufin ɗaki nake magana. Tsoro na ji."

Na ce, "Ni a lokacin nan rawa nake?"

Ya ce, "Ki kai wa dattawan majami'a. Hakkinki ne."

Da niyyar kaiwa na koma gida, har na tsara inda zan yi kuka a cikin maganar. Amma na ce bari in ga Lahadi, ko zai furta da kansa. Bai furta ba. Da aka zo jibi, ya iso gabana da ƙoƙo, ƙoƙon ya karkace har yana zuba masa a riga. Na kama hannunsa na daidaita, na sha. Maganar ba ta je wurin dattawa ba.

Ban wanke shi ba. Ya kunyata ni a fili, ya ɓoye nasa, wannan aibi ne. Sai dai bai ƙara tsayar da kowa gaban jama'a ba, gida yake bin mutum. Na daɗe ina taƙama ni na yi masa alheri. Tsufa ne ya nuna mini ƙoƙo ɗaya muka sha, kuma ba ni na cika shi ba, ba shi ba.

Malam ya rasu, matarsa ta bi shi, kawu tun tuni. Saura ni da yarinyar, tana Gezawa har da jikoki. Sai da na nemi izininta kafin in faɗi wannan. Ta yi dariya ta ce, "Inna, ai Baba ya gaya mini da bakinsa yana kwance. Ya ce da gaskiya aka bi, bayan bencinki za a ajiye nasa."