Malam Mode da Bayan Gwangwani

A shekarun da kuɗin mai suka cika ƙasa, soja na kan mulki, babu kantin da ya kai na Malam Mode kyan gani a Ƙofar Taramniya. Da can gero yake aunawa a kasuwa kamar mahaifinsa. Da manyan motoci suka fara kwararowa daga Ikko da kayan ƙetare, sai ya ajiye mudu ya kama gwangwani. Madara, biskit, garin shayi mai koko, lemon kwalba, ya jera su har rufin kwano.

Mutum ne mai yawan shiru. In rana ta take, ciniki ya lafa, yakan ɗauko gwangwani ya zuba wa zanen jikinsa ido: shanu masu dabbare-dabbare cikin ciyawa koriya shar, ko jirgin ruwa a tsakiyar teku. Sai ya ji kamar yana can, ƙafafunsa cikin raɓa, iska mai sanyi na kaɗa masa riga. Kafin hankalinsa ya dawo ya shanye rabin madarar, mai kauri kamar zuma. Rubutun da ke ƙarƙashin zanen bai taɓa damunsa ba, don shi ajami kaɗai ya sani.

Yana haura hamsin ƙishirwa ta sa shi gaba. Ya sha ruwa moɗa uku, maƙogwaro na nan a bushe. Riguna suka yi masa yawa, ganinsa ya koma dishi-dishi. Matarsa Delu ta matsa masa ya je asibiti, aka auna shi, aka ce ciwon sukari ne.

'Yar ƙanwarsa Zulaihatu, ma'aikaciyar jinya, ta biyo ta kantin da ta tashi daga aiki. Ta tarar yana dama garin shayin nan da ake cewa yana ƙara ƙarfi. Ta karɓi gwangwanin, ta juya bayansa, ta ɗora yatsa a kan wasu ƙananan layuka.

"Kawu, abin da anka fara rubutawa nan shi ya fi yawa ciki. Wanga na farko, sukari na."

"To ina ƙarfin?"

"Shina can ƙarshe, ɗan kaɗan."

Ta bayyana masa cewa sukari yana da sunaye da yawa a bakin masu yin kayan, kuma fulawa da farar shinkafa, ko da ba su da zaƙi a harshe, sukari suke komawa a jini. Wannan ta fi yi masa ciwo, don tuwon shinkafar Delu ba shi da na biyu. Ta yagi kwali ta rubuta masa shida daga cikin sunayen da boko, shi kuma ya sa musu ajami a ƙasa.

Wata guda ya yi yana bin kayan kantinsa ɗaya bayan ɗaya, kwali a hagu, sabon tabarau a hanci. Harafin farko na sukari ya gan shi kamar maciji ya miƙe tsaye, sai ya riƙa ganinsa ko'ina, har a miyar gwangwani. A gida Delu ta rage malmala, ta yawaita wake da kwaɗon zogale. Da sanyin safiya yakan taka har Sama Road ya dawo, a hankali, yana kallon sababbin benaye suna tashi. Ƙishirwar ta lafa, ido ya washe.

Labari ya bazu. Tambari tela, wanda shi ma ciwon ya kama, shi ya fara kawo masa gwangwanin da ya saya a wani kanti don a duba masa. Daga nan aka riƙa zuwa har daga unguwar Gidan Dahala. Mode bai taɓa cewa kowa kada ya saya ba; yakan nuna layin ne kawai ya faɗi abin da ya zo farko. Har ya bar duniya, bayan shekara goma sha tara, kalmomin nan shida su ne iyakar bokonsa.

Zulaihatu ta yarje masa dabino ɗaya ran Juma'a. In an sauko daga masallaci yakan zauna a kan benci, ya raba shi gida huɗu da farce, ya lumshe ido. Mai son sabulu ko ashana sai ya tsaya daga bakin ƙofa ya jira har ya gama.