Sunan da Iya Ba Ta Kira

Kakarmu ta wajen uba, wadda duk gida ke ce wa Iya, ba ta ba da labari sai an gama girbi. Da sanyi ya shigo, ana idar da magariba sai ta sa a tura karan dawa cikin murhun da aka sauke tuwo, ta jawo 'yar kujerarta ta miƙe ƙafa. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa ya binne gyaɗarsa a toka yana gadi. Ƙauyenmu na tsakanin Aujara da Dutse, gidanmu kuma shi ne na ƙarshe, can gangare, bayan kowa.

Ni nake zama daf da ita, don ni take tsokana. "Maigidan, yau ma haka za ka bar ni ba goro? Kai dai an yi rowataccen miji." Yaya Sunusi kuwa, ɗan wan babana, in ya zo hutu daga makarantar kwana, ba ya zama cikinmu. Yakan tsaya nesa da littafi a hammata, yana kallonmu kamar ya ga kaji. Iya ta ce, "Ku ƙyale shi, ilimi ne ya yi masa nauyi, in ya zauna ba zai iya tashi ba."

Tana da labaran dabbobi da na aljanu, amma akwai guda ɗaya da ba ta bari shekara ta wuce ba ta ba mu shi ba. Takan ce, "Ku kasa kunne, ga ta can ta taso." Mu ce, "Ta iso, muna nan."

A wata shekarar yunwa, in ji ta, wani mutum ya fito daga gabas da jaki ɗaya da buhun bagaruwa, wadda ake jeme fata da ita. Majemi ne. Ya iske rugar wani Ardo, ya roƙi wurin zama. Ardo ya nuna masa gangare, inda iska ba za ta kawo wa mutane warin jima ba. Matan ruga in za su wuce sai su toshe hanci da gefen zane, yara su bi shi da waƙa. Ana nan sai annoba ta faɗa wa shanu, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, masu su na zaune sun zuba tagumi. Mutumin gangare ya bi ya feɗe fatun, ya jeme, ya ɗinka guga da salka, ya ɗora wa jaki ya nufi kasuwanni, ya dawo da hatsi. Ranar da uwargidan Ardo ta gangaro da ƙwarya a hannu, ba ta toshe hanci ba. Ya cika mata ƙwaryar.

"Wannan mutum," in ji Iya, "shi ne Baba, uban kakanku. Ni na tuƙa masa tuwo shekara bakwai kafin ya rasu. Har aka kai shi makwancinsa, hannunsa bai rabu da wari ba. To warin nan kuka ci kuka yi ƙiba. Ta ƙare nan, wanda ya yi gyangyaɗi shi ya so."

Na taɓa tambayarta sunansa. Ta maka mini mafici a ka. "Marar kunya! A ina ka ji mace ta kama sunan surukinta?" Ba shi kaɗai ba, duk wanda ya ci sunansa ba ta kiransa. Iyayenmu maza kuma sun tashi marayu, ba su riski kakansu ba, su ma Baba na Gangare suka san shi. Haka sunan ya ɓace a gidan, ba wanda ya damu.

Iya ta rasu kafin a ba mu jiha. Ni ban yi boko mai nisa ba. Na fara da bin kasuwannin ƙauye a keke ina sayen fatar akuya, har na kai ga shago da sito a Dutse, ina loda wa motoci fata zuwa Kano. Yaya Sunusi ya dawo daga Kano cikin ma'aikatan da aka rabo wa sabuwar jiha, aka ba shi ofis mai labule. A shekarun nan wata cuta ta kama 'yan ofis, cutar neman asali. Wanda ubansa ya mutu yana dakon itace sai ka ji ya wayi gari jikan wani mai rawani. Ban taɓa jin wanda ya tona ya gano kakansa maƙeri ne ba. Kowa sarki yake tonowa.

Yaya ya ɗauki hutu ya tafi gidan adana tsofaffin takardu a Kaduna. Ya dawo da hoton wani rahoto da Baturen mulki ya rubuta a kan ƙauyukan yankinmu. A ciki an ce Ardo Umaru ne ya kafa garinmu, cikin 'ya'yansa kuma akwai wani Musa. Kakanmu, mijin Iya, sunansa Musa. Shi ke nan bincike ya ƙare. Musa nawa ne a ƙasar Dutse? Ka tsaya a kasuwa ka kira sunan ka ga kawunan da za su juyo. Amma Yaya ya sa aka zana bishiyar zuri'a a kwali, Ardo Umaru a saiwa, shi a reshen da ya fi kauri, aka sa gilashi aka rataye a falo. Ya sayi malafa da sanda. Ya koyi gaisuwar Fulatanci guda biyu yana jefa wa masinjansa. Mutumin da saniya in ta waiwayo shi sai ya haye katanga.

Da a falo abin ya tsaya, da na bar shi da kwalinsa. Sai dagacinmu ya rasu, daidai lokacin da aka fara aiki da shari'ar Musulunci a jihar. Sarautar ta gidan Ardo ce tun fil'azal, kuma sun tsayar da Malam Bello, mutum mai shiru, makiyayi. Yaya ya kai takarda shi ma ɗan gida ne. Hakimi ya ce duk mai da'awar jini ya kawo shaida daga cikin gidansu, wanda zai dafa Alƙur'ani. A wancan lokaci ko mai sayar da manja ya shiga taitayinsa da rantsuwa. Manyanmu sun ƙare, saura ni da shi.

Ya same ni a shago ana barbaɗa wa fata gishiri. Ya tsaya a ƙofa da hankici a hanci.

"Idi, jibi za ka raka ni gaban hakimi. Kalma biyu ce."

"Yaya, shigo ka zauna mana."

"Nan ma ya isa. Za ka ce kakan iyayenmu Ardo Umaru ne."

"Ba shi ba ne."

"Kai ka je Kaduna? Ka iya karanta wannan?" Ya kaɗa mini takardun.

"Ban iya ba. Amma na san Umaru mai awaki, maƙwabcinmu. Kullum Iya na leƙa danga tana ƙwala masa kira, Umaru, zo ka kwashe tsiyarka daga cikin ramata. Da sunan surukinta ne, da ta ciji harshe kafin ta faɗa. Haruna mai kananzir kuwa, shekara nawa yana zuwa gidan, ba ta taɓa ce masa komai ba sai mai sunan Baba. Haruna ne, Yaya. Majemi."

"Tatsuniyar tsohuwa za ka haɗa da rubutun hukuma?"

"Baturen naka kwana nawa ya yi a garin? Ita shekara bakwai tana kai wa mutumin tuwo."

Ya ce ba ni da kishin gida. Ya ce shi yana ƙoƙarin ɗaga mu ne, ni ina jan mu cikin kwatami. Na ce masa ya janye, ko ya nemi wani shaidan, don in aka tambaye ni abin da na sani zan faɗa. Bai yarda zan iya ba. Ya saba ƙanensa na cewa to. Da ya tafi ya ba da sunana a matsayin shaida.

Ran zaman, zauren hakimi ya cika har waje. Yaya ya karanta rahotonsa da Turanci, ya fassara, ya ɗaga kwalin kowa ya gani. Aka ce in yi alwala, na yi. Aka miƙo Alƙur'ani. Na ce, "Ranka ya daɗe, zan dafa, amma ba a kan abin da aka kawo ni in faɗa ba." Na maimaita abin da na gaya wa Yaya a shago, ban ƙara ba, ban rage ba.

Wani dattijo daga gidan Ardo, wanda ido ya riga ya tafi, ya fashe da dariya har da tari. "Wallahi yaron nan ya yi gaskiya. Har rugarmu ake jiyo kakarsu tana kiran Umaru. Kuma Haruna majemi ai mu ba mu manta shi ba. Kakata ta ce ba don shi ba da ba a haife mu ba." Sai ga shi mutanen da Yaya ke son ƙwace wa rawani sun fi shi sanin darajar kakansa. Hakimi bai yi doguwar magana ba. Ya ce wa Yaya ya naɗe takardunsa. Aka naɗa Malam Bello.

Da ina yaro na ɗauka labarin Iya na haƙuri ne, a wulaƙanta ka ka yi alheri. Yanzu ina ganin ba shi take nufi ba. Gaya mana take ko mu su wane ne, da bakinta, a gida, tun kafin wani ya gaya mana a waje da nufin cin fuska. Wanda ya zauna ya ji, ba abin da za a tona masa. Yaya bai zauna ba, sai ya girma yana jin kunyar abin da bai ma san mene ne ba, ya je har Kaduna aron kaka.

Tun ranar bai ƙara taka shagona ba. Ya aurar da 'ya'ya uku, ko goron gayyata ban gani ba. Na je duka ukun, na zauna a tabarmar baƙi. A na ƙarshen maroƙi yana ta kwarara masa kirari, jikan Ardo, jikan Ardo, shi kuma yana gyara zaman babbar riga a gaban mutanen da rabinsu suna zauren hakimi ranar. Ba wanda ya yi dariya, don sun ci shinkafarsa. Maroƙin ya juyo kaina ya rage murya, ya ce, "Alhaji, kai kuma ta wane gida zan ɗauko ka?"

Na ce masa, "Ɗan'uwan mai gidan nan ne ni, kaka ɗaya. Je ka tambaye shi."