Tsagar da na goge a fuskar baban abokina

Shekarun baya, ina ɗalibi a Khartoum, na koyi ɗan taɓa manhajar gyaran hoto. Ka san mai sabon ilimi, ko tuwo aka ajiye masa sai ya so ya yi masa inuwa da sheƙi. Duk wata sanarwa ta ɗalibai ni nake haɗawa, kaina kuwa ya kumbura, ina jin duk garin babu kamata.

Ina da wani aboki, Bahaushen Sudan, gidansu na Dar Salam a Omdurman. Da ya kammala karatu sai mahaifiyarsa ta ce za ta yi masa walima, shi kuma ya ce in haɗa masa ɗan banna da za a tura a waya, a kuma buga a rataya a bakin ƙofa. Sharaɗin tsohuwa ɗaya ne: a sa hoton mahaifinsa, wanda ya ƙare ƙarfinsa a gonakin audugar Jazira, ya rasu abokina yana ɗan shekara biyar. Hoton ɗaya ne tak a duniya, ɗan ƙarami, ya koɗe, ya sha ninki, ko'ina karce.

Muka kai shi wani shago a Suk al-Arabi aka ɗauke shi a na'ura aka zuba min kwafin a filashi, na miƙa wa abokina hoton na asali, na koma ɗaki na duƙufa. Aikin leya-leya ake yinsa, kamar ka jera takardu masu shara-shara ɗaya kan ɗaya. Na sa kore a ƙasa, na ɗora adon zinare a gefe, na kawo rubutu na yi masa inuwa, na zagaye kan abokina da haske sai ka ce wata ne ya fito. Sai na zo kan hoton tsoho. Na zuƙo shi har fuska ta daina zama fuska, layuka kawai nake gani, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina shafewa. Da na gama, kunci ya yi sumul kamar na ango. Na share kwafin shagon daga filashina, don a ganina an wuce wurin.

Abokina ya gani a waya ya ce, “Tamam, ya zol! Ka mai da shi saurayi.” Su can zol suke ce wa mutum.

Saura kwana biyu walima na ɗauki kwamfutata muka tafi nuna wa tsohuwa. Muka same ta a rumfar tsakar gida, zaune kan angareb, gadon nan nasu na igiya, tana dafa jabana, wato gahawarsu. Na buɗe mata ina jiran yabo. Ta kalli ɗanta ta yi murmushi. Ta matsa kan ɗaya hoton, ta daɗe, sannan ta ɗago.

“Ya waladi, wannan zol ɗin wane ne?”

Na ce, “Hajja, ai Baba ne.”

“La, la. Mijina Bagobiri ne. Ina tsagarsa?”

Wallahi sai a lokacin na gane abin da na yi. Ni da na tashi a Zariya cikin Gobirawa 'yan kasuwa, ni ne na ɗauki tsagar gado a matsayin karcen hoto na goge ta tas. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

Ta ce, “Malesh, ba komai. Ku kawo surar, hoton nan na asali, a sake.”

Nan na ga abokina ya fara susar ƙeya. Ya ja ni waje bayan katanga ya ce ranar da muka dawo daga kasuwa a aljihun jallabiyarsa ya bar hoton, ƙanwarsa kuma ta jiƙa rigar ta wanke. Abin da ya ciro daga aljihun dunƙulen takarda ne kawai. Bai faɗa wa kowa ba, ya kwantar da hankalinsa cewa ai akwai a wurina.

Ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na asali ya narke a ruwan sabulu, kwafin shago na share shi da hannuna, abin da ya rage a duniya shi ne wannan baƙon mutum mai sumul ɗin kunci da na ƙirƙira. Abokina bai san fuskar ubansa ba sai a wannan hoton.

Ya ce, “Ba za ka iya zana masa wata ba?”

Na ce, “In zana guda nawa? Ta ina ta fara? Matar da ta zauna da shi za mu yi wa wayo?”

Muka koma rumfa. Na buɗe ainihin fayil ɗin aikin, ba don ina da wata dabara ba, don dai hannuna ya sami abin yi. Leya sun fi ashirin, ban sa wa ko ɗaya suna ba saboda ƙyuya. Kowace tana da ɗan ido a gefe, in ka danna ta ɓuya ko ta bayyana. Na shiga rufe su daga sama. Haske ya tafi, zinare ya tafi, inuwa ta tafi, angon nan ma na rufe shi. Can ƙasa sai ga wata leya da idonta a rufe. Na danna.

Sai ga tsoho ya fito, da ninkinsa da karcensa da tsagarsa daga gefen baki har kunne. Ashe tun farko kwafi na yi na ɗora a sama, a kansa na yi ta ɓarnata, na manta. Ba ƙwarewa ba ce, Allah ne ya rufa mana asiri.

Hajja ta goge hannunta a mayafi, ta sa yatsa a kan gilashin tana ƙirgawa a hankali. “Shida nan, bakwai nan. Aiwa, shi ne.” Ta ce da wannan tsagar ce wani danginsu ya gane shi a Jazira bayan shekaru da rabuwa. Abokina ya juya baya yana goge ido, ni kuwa na sauke wata ajiyar zuciya da ban taɓa yin irinta ba. A zaune a wurin na tura hoton wayoyi huɗu kafin in taɓa komai, sannan abokina ya durƙusa ya faɗa mata maganar wanki. Ta yi masa faɗa sosai, amma faɗan wadda hankalinta ke kwance.

Na tambaye ta ko in gyara karcen kawai in bar tsagar. Ta harare ni ta ce, “Kai dai sha jabanarka.” Haka aka buga bannar, ɗa yana ta sheƙi, uba kuma a koɗe yadda yake.

Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, sannan in yi dariya. Na ɗauka gyara shi ne ka share duk abin da bai yi maka kyau a ido ba, alhali ban san mutumin ba, ban kuma tambayi wadda ta san shi ba. Yanzu in aka kawo min tsohon hoto, ba na taɓa fuska sai na kira mai shi ya zauna kusa da ni ya nuna min wane layi ne na takarda, wane ne na mutumin.