Katakon da Ya Cije a Kwanar Bene

Da asuba na kawo yashi wurin ginin wani bene, na tarar da wani saurayi yana hawan matakala da dogon katako a kafaɗa. Siriri ne, takalminsa duk busasshen siminti, idanunsa jajur don rashin barci. Mai gadi ya ce shi ne mai zanen ginin. Ni dai na gaji da irinsu, baki da zaƙi, hannu ba kanta.

A kwanar hawa na biyu katakon ya cije. Yana juya shi, yana karkatawa, ya ƙi wucewa.

Babban magini ya leƙo. "Yallaɓai, kafinta ka koma?"

"Tsawon gadon ɗaukar marar lafiya ke nan, Baba. In bai wuce ba, a zani za a sauko da mutum kamar buhu."

"To, mai benen ya ce in ka sake sa aka rushe ko bulo ɗaya, ya sallame ka."

"Na ji shi."

Yadda ya faɗi "kamar buhu" ya sa nake zaton ya taɓa riƙe gefen irin wannan zanin, wataƙila da mahaifinsa a ciki. Ban tambaya ba.

Ina juye yashina saurayin ya ajiye katakon, ya ja layi da gawayi a bangon da shi kansa ya zana. Magina suka yi cirko-cirko, ba mai son a ce shi ya fara. Sai ya naɗe hannun riga, ya karɓi guduma daga hannun Baba, ya kai dukan farko.