Feshin Nozul na Huɗu

Idan aka kwana ana ruwa a Enugu, unguwar Coal Camp takan wayi gari tana tururi, jar ƙasa da kwanon rufi duk suna fitar da numfashi a hankali. A irin wannan safiyar Baba ya aika a kira ni daga rumfata ta atamfa a kasuwar Ogbete. Na yi mamaki, don tuntuni ya sallame ni daga garejinsa, ya ce hannuna na ninke yadi ne. Ban taɓa jin haushi ba, ni da baƙin mai ba ma ga maciji.

Na tarar da shi gaban wata tsohuwar a-kori-kura mai shan dizal, ta wani Alhaji da ke kawo albasa daga Arewa. Motar tana baƙin hayaƙi tana kakkarwa, mai ita kuma ya rantse ba wanda zai taɓa masa nozul, wato bakin da ke fesa mai a cikin inji, sai Baba. Mu a gida mun san yanar ido ta rufe wa Baba gani, amma ya hana a faɗa. Gani yake ranar da maganar ta fita, sana'ar da ya riƙe tun kafin a haife ni ta ƙare.

"Ba hannunka nake so ba," ya ce mini ƙasa-ƙasa. "Idonka zan ara."

Da lalube ya yi aikin, amma sai ka rantse yana gani. Ya sassauta bututun mai ɗaya bayan ɗaya, ya toshe bakin kowanne da leda don kada ƙasa ta shiga, sannan ya zaro nozul huɗu, baƙi ƙirin da kunkunniya. Gwangwanin tumatir huɗu ya jera a benci, kowanne da kananzir da nozul ɗaya a ciki. Ni da son tattara kaya na miƙa hannu zan juye su a kwano guda, ya buge mini yatsu.

"Kowane nozul da allurarsa a ciki, kowace allura kuma da gidanta aka ƙera ta. Ka musanya, ka kashe biyu."

Muka zauna muna goge su da burushin tagulla. Warin kananzir da ƙanshin masarar da ake gasawa a bakin titi suka haɗu, har na fara jin gyangyaɗi. Maƙwabcinsa mai walda ya leƙo ya ce, "Papa, how work?" Baba ya ce, "We dey push am," wato ana nan ana turawa, bai ko ɗaga kai ba.

Da rana ta ɗaga sai ya ɗaura nozul na farko a famfon gwaji da ke gindin mangwaro, ya ce in janye hannuna, feshin nan yana huda fata. Ya danna. Man ya fito kamar hazo, ya ratsa hasken da ke saukowa ta cikin ganye, sai ga ɗan ƙaramin bakan gizo ya tsaya a iska, bai fi tafin hannu ba. Na shagala da kallo har sai da ya ce, "To?" Na ce feshi ya bazu ko'ina daidai. Na biyu da na uku ma haka.

Na huɗu bai yi hazo ba. Man ya taru a bakinsa, ya ɗiga, ya sake ɗiga. Alhaji yana tsaye a kanmu, Baba kuma ya riga ya gaji. Tausayi ya kama ni, na ji tsoron kada ya koma laluben allura a gaban mutumin asiri ya tonu. Na ce, "Lafiya lau, Baba."

Ya sake dannawa, ya karkata kai.

"Ƙarya kake yi. Mai lafiya kuka yake kamar gyare, wannan ko shiru ya yi." Ya saki famfon, sannan ya ce, "Motar nan da mutane za ta hau hanya. Idan sai an yi mini ƙarya zan ci gaba, gara in faɗa da bakina. Alhaji, idona ya tafi."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Alhaji kuwa dariya ya yi.

"Malam, ai tun zuwana na bara ka miƙa wa ƙofar mota hannu kana yi mini sannu da hanya. Na sani na dawo. Gyara mini abina."

Baba ya kwance nozul ɗin, ya wanke allurar, ya murza ta a gidanta da yatsu biyu, ya daɗe yana yi kamar mai jan carbi. Da ya mayar ya danna, sai ga kukan, siriri mai kaifi. Bai tambaye ni ko ya gyaru ba. Ya ci gaba da dannawa a hankali, fuskarsa tana wajen da yake jin ɗumin rana.

"Har yanzu yana yin bakan gizon nan?" ya ce.

Na ce yana yi, Baba.

"Faɗa mini launukan. Kada ka ƙara ko ɗaya."