Hajo da Bakwaininta

To, rubuta. Hajo 'yar wani ƙauye ce kusa da Gozaki. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba ta zo gidan iyayenta haihuwar fari, ana tsakiyar cirar auduga. Cikin bai cika ba ta haifi 'ya mace, 'yar mitsila, kamar ɗan tsako. A ƙwarya aka kwantar da ita, aka lulluɓe da auduga.

Ungozoma, Gwaggo Adama, ta ce sai an gwada nono. Aka tatsa a ludayi, ta jefa tururuwa ciki. Tururuwa ta mutu.

"Nonon nan mugu ne," in ji ta. "A zubar. A ba ta na akuya."

Don Allah ji wannan shirme! Wace tururuwa ce za a nutsar ta ƙi mutuwa?

Aka yi ta ɗura wa jaririya nonon akuya da ruwa, tana amayarwa, ciki ya kumbura, kuka ma ya gagara. Hajo na kallo, ƙirjinta ya cika har yana zuba, amma kunyar 'yar fari ta hana ta magana.

Ran nan da hantsi ta fito daga wankan jego, ta ga maɗigar yarinya ta faɗa. Ai sai ta sure ƙwaryar a gaban kowa.

"Ke Hajo! A gaban uwarki? Ina kunya?" in ji Gwaggo Adama.

"Gwaggo, kunyar za ta sha?"

"Za ki kashe ta!"

"Ku da kuke rayar da ita, ga ta nan."

Yarinya ba ta da ƙarfin tsotso. Hajo ta dinga tatsa, tana tsoma tsabtataccen ƙyalle tana ɗiga mata a baki, kaɗan-kaɗan, ta ɗaure ta a ƙirji don ɗumi. Uwar Hajo ta daina yi mata magana. Mijinta Maitama ya zo, ya ji zance, ya ce wannan sha'anin mata ne, ya koma gonarsa. Namiji ke nan!

Yarinya ta rayu, aka sa mata suna Nana. Amma ka san wa aka yaba? Gwaggo Adama, wai dabararta ce ta raya yarinya. Har turmin atamfa Maitama ya kai mata. Hajo kuwa ta tsufa a Malumfashi tana sayar da fura, 'yan ƙauyensu suna nuna ta da baki, wai ga fitsararriyar nan.